Likitan da Hannunsa Ya Ƙi Wuƙa

Ƙannena maza da mata, musamman ku da ke ajin kimiyya a sakandare da ku da kuka riga kuka shiga jami'a, ina so mu ɗan zauna a kan labarin wani mutumin Japan mai suna Shinya Yamanaka. An ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2012, kuma duk inda aka ambace shi da ita ake farawa. Ni kuwa abin da ya ja hankalina gare shi wata ɗabi'a ce da ta bi shi tun yana ƙaramin likita: idan abu ya fito masa ba yadda ya so ba, ba ya kawar da kai, ba ya kuma shafa masa kwalliya. Tsayawa yake yi ya dube shi da kyau.

An haife shi a 1962 a Higashiosaka, garin ƙananan masana'antu da ke manne da birnin Osaka. Mahaifinsa yana da 'yar masana'antar ƙera kayan keken ɗinki, amma bai so ɗansa ya gaje shi ba, ya ce masa ya je ya zama likita. Yaron ɗan wasa ne na gaske. Ya yi judo a sakandare, ya buga zari-ruga a jami'a, ya kuma karye fiye da sau goma. Wanda ya saba da zuwa wurin masu ɗori haka, ba abin mamaki ba ne don ya ce likitan ƙashi zai zama. Ya gama Jami'ar Kobe a 1987, ya kama aikin sanin makama a babban asibitin gwamnati da ke Osaka.

A nan aka gane hannunsa ba na wuƙa ba ne. Shi da kansa yake ba da labari cewa tiyatar da ƙwararre zai gama cikin minti 20, shi sai ya kwashe awa biyu yana fama. Manyansa suka laƙaba masa sunan tsokana mai nufin wanda ke tare wa mutane hanya. Ga kuma wani abu da ya fi tsokanar ciwo: marasa lafiyar da ko gwanin gwanaye ba shi da abin yi musu. Wanda lakarsa ta tsinke. Matar da amosanin gaɓɓai ya nannaɗe wa hannuwa da ƙafafu. Mahaifinsa ma a wannan tsakanin ya rasu da ciwon hanta, wanda ya samo daga ƙarin jinin da aka yi masa bayan ya ji rauni a wurin aiki. Ɗansa likita ne, yana tsaye a kansa, ba shi da magani. Sai a 1989 aka gano bairos ɗin da ke haddasa wannan nau'in ciwon hantar.

Bayan shekara biyu ya ajiye wuƙa. Ku da kuka san yadda ake kallon rigar likita a gida da unguwa kun san nauyin wannan mataki. Ya koma ɗalibi, ya shiga karatun digiri na uku a fannin ilmin magunguna a Jami'ar Birnin Osaka.

Gwajin farko da malaminsa Katsuyuki Miura ya ba shi ƙarami ne, irin wanda ake ba sabon shiga don hannunsa ya faɗa. Akwai wani sinadari da idan aka yi wa kare allurarsa, awon jininsa kan faɗi na ɗan lokaci. Malamin yana ganin idan aka riga aka ba karen wani magani, jinin ba zai faɗi ba. Yamanaka ya ba da maganin, ya yi allurar, sai jinin karen ya faɗi warwas, ya wuce yadda aka saba gani, ya kuma daɗe bai tashi ba. Kishiyar abin da malam ya faɗa ke nan, ƙiri-ƙiri. Ya ruga ya sanar da shi yana rawar jiki don murna. Shi ma malamin, maimakon ya ɓata rai an ƙaryata hasashensa, sai ya taya shi murna, ya ce a bi sawun abin. Bin sawun nan ne ya zama kundin digirinsa, wanda ya kammala a 1993.

Ku tsaya a nan mu yi maganar gida. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya san abin da ake yi idan awo ya ƙi dacewa da littafi. Ana goge shi. Ana leƙa takardar na kusa, ko a nemo tsohon rahoton 'yan ajin bara, a kwafe lambar da malam ke jira. Wani ma tun kafin ya taɓa kwalba ya san abin da zai rubuta. Ban ɗora muku laifin duka ba, domin akwai malaman da ke zabtare maki idan ɗalibi ya kawo gaskiyar abin da ya gani, kuma sinadarin da ya shekara goma a kabad ba lallai ya yi abin da littafi ya ce ba. Amma ku san abin da kuke koya wa kanku. Kuna horar da idonku ya ga abin da ake so ya gani. Da Yamanaka ya taso da wannan tarbiyya, da ya rubuta cewa jinin kare bai faɗi ba, malam ya sa hannu, kowa ya kama gabansa, da yau ba wanda ya san sunansa.

Daga nan ya yi ta aika wasiƙun neman gurbi zuwa Amurka, har Cibiyar Gladstone da ke San Faransisko ta ɗauke shi. Shugaban ɗakin bincikensa, Thomas Innerarity, yana neman hanyar rage mugun kitsen jini. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai umarnin gado, an kasa shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da aikinsa, kuma ƙwaya ba ta aiki sai da ƙullin da aka kwance mata. Innerarity yana ganin idan aka ƙara wa hantar ɓera ƙarfin wani ƙulli mai suna APOBEC1, kitsen zai ragu. Yamanaka ya samar da ɓerayen. Ba a jima ba cikinsu ya kumbura kamar masu juna biyu, alhali har da maza a cikinsu. Da aka buɗe, sai ga hanta cike da sankara. Maganin da ake fata ya mutu murus. Shi kuwa sai ya tambayi kansa: me ya kawo sankarar? Wajen neman amsa ya gano wani sabon ƙulli, ya sa masa suna NAT1. Mutumin da ya je Amurka don kitsen jini ya dawo gida a 1996 yana binciken sankara.

Dawowar ba ta yi masa daɗi ba. A Gladstone akwai ma'aikatan da ke kula da ɓeraye, akwai kuɗin bincike, akwai abokan musayar ra'ayi. A Osaka shi ne mai bincike, shi ne mai shara. Ɓerayensa suka hayayyafa har ɗaruruwa, yana wanke musu keji, yana zuba musu abinci da hannunsa. Abokan aiki suna ce masa ya bar wasa da ɓera ya yi abin da zai amfani marar lafiya. Mujallu suna mayar masa da rubutunsa. Gwiwarsa ta yi sanyi har ya soma shirin komawa asibiti, wurin wuƙar da ya riga ya san ba tasa ba ce.

Wannan gaɓa ita ce na fi so ku riƙe, domin a nan matasa da yawa ke ruɗewa. Sau biyu mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa yana tunanin fita. Na farko ya fita, kuma daidai ya yi. Na biyu da ya fita, da ya tafka asara. To ta yaya ake bambancewa? A asibiti, shaidar da ke gabansa a kansa take magana: hannunsa ne ke jinkiri, kuma ko da hannun ya gyaru, cututtukan da suka fi damun zuciyarsa ba wuƙa ce maganinsu ba. A jami'a kuwa shaidar a kan wurin take magana. Gwaje-gwajensa suna fitar da abu, tunaninsa yana tafiya, kuɗi da mataimaka da masu fahimta ne babu. Wanda aikin ne bai karɓe shi ba, sauya sana'a zai yi. Wanda wurin ne ya matse shi, sauya wuri zai yi, ko ya cije har a samu sarari. Gajiyar da ake ji a duka biyun iri ɗaya ce, shi ya sa ba a yanke hukunci da ita. Kafin ɗayanku ya bar kwas, ko ya nace a kan kwas don gudun abin da dangi za su ce, ya zauna ya tantance: wannan shaida da ke gabana, a kaina take magana ko a kan inda nake?

Abu biyu suka riƙe shi. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya yi nasarar rainon ƙwayoyin tushe na ɗan Adam a ɗakin gwaji. A 1999 kuma wata cibiyar kimiyya da fasaha da ke Nara ta ba Yamanaka ɗakin bincike nasa na kansa. Dama NAT1 ya riga ya kai shi wannan fage ba da shirinsa ba, domin da ya cire ƙullin daga ƙwayoyin tushe na ɓera sai ya ga sun kasa rikiɗa yadda ya kamata.

Bari in yi muku bayanin ƙwayar tushe a taƙaice. Kowane ɗayanmu daga ƙwaya guda ya faro. A kwanakin farko na ɗan tayi akwai wasu ƙwayoyi da ba su riga sun zaɓi aiki ba, kowaccensu za ta iya zama jini, ko tsoka, ko ƙwaƙwalwa, ko fata, kuma suna iya hayayyafa ba iyaka. Likitoci suka ga cewa da za a mallake su, da an samu abin maye gurbin duk sassan jikin da suka lalace. Sai dai ba a samunsu sai an lalata ɗan tayi mai kwana biyar ko shida, abin da ya tayar da jayayya mai zafi tsakanin malaman addini da 'yan siyasa da masana. Ga shi kuma jikin marar lafiya na iya ƙin karɓar ƙwayar da ba tasa ba. Yamanaka ya ba da labarin ranar da ya leƙa wani ɗan tayi ta madubin ƙara girma a asibitin haihuwa na wani abokinsa, ya tuna da 'ya'yansa mata biyu, ya ji a ransa dole a nemi wata hanya.

Hanyar da ya hango ita ce a ɗauki ƙwayar fatar babban mutum a mayar da ita baya, ta koma kamar ta ɗan tayi. Ba daga sama tunanin ya faɗo masa ba. Tun a 1962, shekarar da aka haife shi, John Gurdon a Ingila ya ciro cibiyar ƙwaya daga hanjin talibambam, ya dasa ta a ƙwan kwaɗo da aka cire wa tasa cibiyar, sai ga sabon talibambam yana iyo. Wato ƙwayar hanji ba ta zubar da sauran ƙulle-ƙullenta ba, ɗaure su kawai ta yi. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a 1996 ta tabbatar da haka a dabba mai shayarwa. Tambayar da ta rage ita ce: me ke kwance ɗaurin?

A Nara sai malami ya tallata aikinsa kafin ɗalibai su zaɓe shi. Yamanaka ba shi da suna, ba shi da kuɗi, sai wannan buri, wanda a ransa yana ganin zai ci shekara 20 ko 30. Bai faɗa wa ɗaliban wannan lissafi ba, kuma ni ban ce ku yi koyi da shi a nan ba. Uku suka biyo shi: Kazutoshi Takahashi da Eiko Kaiho da Yoshimi Tokuzawa.

Suka shiga tattara ƙulle-ƙullen da ke kwance a ƙwayar tushe amma ɗaure a sauran ƙwayoyi. Ɗaya daga ciki, Fbx15, sun sa masa rai ƙwarai. Suka cire shi daga ɓera suna jiran ɗan tayin ya kasa girma, wanda zai nuna ƙullin jigo ne. Ɓerayen suka fito lafiya ƙalau, suka girma, suka haihu. Aikin watanni ya tashi a tutar babu, ko kuwa haka za a ce. Amma suka sake duban abin. Ƙulli ne da ba ya kwancewa sai a ƙwayar tushe, kuma taɓa shi ba ya cutar da ɓera. Ashe fitila suka samu. Dama a gurbinsa sun dasa wani ƙulli mai kare ƙwaya daga wata guba. Saboda haka idan aka zuba gubar a kan ƙwayoyin fatar wannan ɓera, duk za su mutu, sai wadda ta koma baya har wurin Fbx15 ya kwance mata. Ba sai an bi ƙwayoyi dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya ana dubawa ba, wadda ta rayu ita ce amsa.

A 2004 ya koma Jami'ar Kyoto da mutanensa, da jerin ƙulli 24 da suke zargi. Suka cusa kowanne shi kaɗai a cikin ƙwayoyin fata ta hanyar wani bairos da aka cire wa dafi. Ko ɗaya bai yi aiki ba. Gwada su bibbiyu, uku-uku, hurhuɗu kuwa aikin da ba ranar gamawa ne. Zaɓen huɗu kawai daga 24 yana da fuska 10,626, kuma ba wanda ya san ko huɗu ake nema ko bakwai. Takahashi ne ya antaya duka 24 a faranti ɗaya. Sai ga 'yan dunƙulen ƙwayoyi sun rayu a cikin guba. Shi ne kuma ya kawo dabarar da ta warware sauran: a riƙa zuba 23 ana rage ɗaya, duk wanda aka rage aikin ya tsaya, to da shi a ciki. Da haka suka sauko zuwa goma, suka sauko zuwa huɗu: Oct3/4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc. Na so manya su ma su karanta wannan sakin layi. Malamin da ba ya sauraron yaronsa, da yana nan yana lissafin dubu goma.

Ga ɗaya fuskar ɗabi'ar tasa, wadda ta fi wuya. Da Takahashi ya nuna masa dunƙulen farko, abin da ya fara zo masa shi ne wataƙila ƙwayoyin tushe na gaske ne suka gauraya da na fatar bisa kuskure. Ya sa aka sake, aka kuma sakewa. A daidai lokacin duniya tana cikin ruɗanin Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu, wanda ya yi iƙirarin gagarumar nasara a wannan fage, aka yi masa kirari, sannan a ƙarshen 2005 asiri ya tonu cewa ƙirƙira ce. Sakamakon da ya ɓata maka rai, kai da kanka za ka bincike shi don neman mafita. Wanda ya faranta maka rai shi ne mai haɗari, domin ba ka son ka same shi da aibi.

Aikin ya fito a mujallar Cell a watan Agustan 2006. Ya kira ƙwayoyin iPS. Masana da yawa ba su yarda ba, suna ganin abin ya yi sauƙi da yawa, sai da wasu ɗakunan bincike a Amurka suka maimaita suka samu haka. A Nuwamban 2007 ya yi shi da fatar ɗan Adam, rana ɗaya da tawagar Thomson, wadda ta iso wurin da wani haɗin huɗu daban. Kuma ɗakin Yamanaka ne da kansa ya wallafa cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na 'ya'yan ɓerayen da aka samar daga ƙwayoyin sun kamu da sankara saboda c-Myc, sannan suka shiga neman yadda za a yi ba da shi ba. Da aka kira shi daga Siwidin a Oktoban 2012 don a sanar da shi ya raba Nobel da Gurdon, yana gida yana gyaran injin wanki. Ministocin ƙasar suka yi karo-karo suka ba shi kuɗin sabo.

Kada ku ji Nobel ku ɗauka magani ya sauka. A Satumban 2014 Masayo Takahashi da abokan aikinta a Kobe suka dasa wa wata tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai wani siririn tantani a bayan ido, wanda aka raina daga fatarta. Jikinta bai ƙi shi ba, sankara ba ta fito ba, ganinta bai ƙara lalacewa ba, bai kuma ƙaru ba. Aikin ya ci kusan yen miliyan 100. Da aka zo kan marar lafiya na biyu, aka ga 'yan sauye-sauye a ƙulle-ƙullen ƙwayoyinsa, sai aka dakatar. A 2018 aka fara gwajin cutar Fakinsan mai sa karkarwa a asibitin Jami'ar Kyoto, kuma rahoton 2025 a kan mutum bakwai ne kacal. Tafiyar hawainiya ce, kuma haka ya kamata ta kasance.

Mu ma muna da rabo a zancen. A Disamban 2007 masana a Cibiyar Whitehead ta Amurka suka ɗauki fatar ɓera mai sikila, suka mayar da ita iPS, suka gyara ƙullin da ya lalace, suka raina ƙwayoyin jini suka mayar masa, ɓeran ya samu lafiya. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila, don haka kowane gida a cikinmu yana da dalilin bibiyar wannan fage. Amma na ɓera daban, na mutum daban. Abin da aka daɗe da tabbatarwa yana warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, wanda ke aiki da ƙwayoyin tushen jini na wani ɗan uwa da ya dace. An fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, yana da tsada, yana da haɗari. Garin da ake tallatawa a WhatsApp cikin 'yar leda da sunan ƙwayoyin tushe, wai a zuba ƙarƙashin harshe ya warkar da sikila da suga da shanyewar ɓarin jiki, babu ƙwaya mai rai a cikinsa. Ku da kuka yi karatu, ku ne za ku tare iyayenku kafin su sayar da akuya su saya.

Shi kansa Yamanaka bai tsira daga cutar murɗe sakamako a cibiyarsa ba. Ya shugabanci cibiyar CiRA ta Jami'ar Kyoto daga 2010 zuwa 2022, yana shiga gudun fanfalaki don tara gudummawa, saboda yawancin ma'aikatansa a kan kwantiragi na ɗan lokaci suke. Cibiyar tana da dokar karɓar littafin aikin kowane mai bincike a duba duk wata uku. Duk da haka a Janairun 2018 aka sanar cewa wani matashin malami a cikinta ya murɗe alƙaluma a zane 11 na wata maƙala, don sakamakon ya fito yadda yake so. Daga cikin cibiyar aka fara zargin, aka koma kan ainihin awon da na'ura ta fitar, aka ga bai dace da abin da aka buga ba. Aka janye maƙalar, aka kori malamin. Yamanaka ya fito gaban 'yan jarida ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya ce dubawar da suke yi ba ta kai ciki ba, ya kuma mayar da albashinsa na wani lokaci cikin asusun binciken. Daga nan cibiyar ta tsaurara sharaɗin cewa duk mai son buga maƙala sai ya miƙa ɗanyen awonsa tare da ita.